Gola Ba Ya Rufe Ido

Ku da kuke cewa aikin gola a ƙwallon hannu tsayuwa ce kawai, ku matso ku dubi yatsuna. Babu ko ɗaya da ya rage a miƙe yadda Allah Ya halicce shi. Wannan ƙaramin a Makurdi ya karkace, na tsakiyan nan kuwa ban ma tuna garin ba. Sunana Bukar, 'yan kallo suka laƙaba mini Ƙyaure, kuma da wannan tsayuwar da kuke rainawa na yi aure, na ciyar da iyali, na zaga ƙasar nan a kujerar baya ta motar ƙungiya.

Kada ku haɗa mu da golan ƙwallon ƙafa. Shi sai ya yi rabin wasa yana hamma ba a zo gidansa ba, ga safar hannu mai kauri kamar burodi. Mu ba ma sa safar hannu. Mai jifa yana tashi sama daga layin mita shida, kafin ya sauka ya iso kusa da kai har kana jin numfashinsa, sannan ya saki ƙwallo. A wasa guda sai a ci ka sau ashirin ko fiye, ka shiga raga ka ɗauko ƙwallon da hannunka, ka miƙa, ka gyara tsayuwa kamar ba a yi komai ba. Wanda ba ya iya mantuwa da wuri, ya nemi wata sana'ar.

Ni ɗinki ne ya kai ni. Mahaifina tela ne a Fagge, iyayensa daga Borno suka zo da shi tun yana goye, gidanmu kuma a Rijiyar Lemo. Ina ajin ƙarshe a sakandare, wata rana ya ƙunshe mini rigunan 'yan wasa da ya ɗinka, ya ce in kai filin wata makaranta a Sabon Gari, in tambayi Koci Anayo. Na isa ana atisaye, na tsaya gefen raga da ƙunshi a ka, na riƙe shi da hannu biyu. Sai wata ƙwallo ta kauce wa raga ta nufo cikina. Ban saki kayan Baba ba, don na san halinsa. Ƙafa na ɗaga na tare ta, ta koma cikin fili.

Koci Anayo ya hura usur. Haifaffen Sabon Gari ne, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano, gajere mai faɗin ƙirji, shi ma tsohon gola.

"Kai ɗan tela, ajiye kayan nan ka shiga tsakanin turakun can."

"Oga, Baba yana jirana."

"Ni zan gaya wa Baban naka. Shiga."

Ranar an ci ni har na daina ƙirgawa. Da aka tashi ya ce in dawo gobe. Na ce ai ban tare komai ba. Ya ce, "Ba ka tare ba, amma ba ka gudu ba." Washegari ya je shagonmu da kansa. Baba bai ko tsayar da keken ɗinki ba, ya ce in dai za a bar ni in yi La'asar a kan lokaci, ga ni nan.

Watannin farko ban taɓa ƙwallo ba sai in an ce in tsinto ta. Koci yakan zana layi mai lanƙwasa da gawayi a gaban raga, daga wannan turke zuwa wancan, ya ɗauki ƙwallo yana zagawa a waje, ni kuma ina bin sa a kan layin da gajerun taku, ban haɗa ƙafa ba, ban tsallaka ba. Can sai ya tsaya ya ce, "Ina turkenka na hagu?" Dole in miƙa hannu baya in taɓa shi ba tare da na waiwaya ba. In na laluba iska, a sake daga farko. Cewa yake gola da bayansa yake ganin raga. Bayan wannan ya koma ɗaure mini hannuwa a baya da igiya, yana jifa ƙasa-ƙasa, sai ƙafa kaɗai za ta yi aiki. Na faɗi a simintin nan ba adadi.

Sai da ƙafafuna suka san gidansu sannan ya koya mini kallo. "Kada ka dubi idon mai jifa," in ji shi, "ido maƙaryaci ne. Dubi ƙugunsa da wuyan hannunsa, su ba su iya ƙarya ba." Rannan na yi tsalle na cafke wata ƙwallo da hannu biyu, ina jiran yabo, sai ya ce, "Wa ya aike ka? Ba kamawa aka ɗauke ka yi ba, tarewa. Da hannu, da ƙafa, da ciki, in ta kama da fuska."

Kayan aikina ba su cika jaka ba. Na farko dogon wando, kuma har na bar wasa ban taɓa sa na kanti ba. Baba ne ya ga cinyoyina sun yi baƙi da tabon ƙwallo, ya yanko soson tsohuwar katifa, ya fere shi siriri, ya ɗinke a cikin wandon daga ƙugu zuwa gwiwa. Na farkon ya cika soso, na fito ina tafiya kamar agwagwa, aka yi ta dariya. Na biyun ya zauna daidai, har gololin wasu jihohi suka riƙa aiko da awonsu Fagge. Sai takalmin kambas, wanda simintin rana ke cinye tafinsa kafin a ce me. Sai filasta ta ɗaure yatsu biyu-biyu. Sai kuma wata kariya da ake sawa a gaba, wadda ba zan yi dogon bayani a kanta ba. Duk wanda ya taɓa mantawa da ita a gida sau ɗaya ba ya sake mantawa.

Kowace sana'a da abokan cinikinta. Nawa masu jifa ne, kuma dole ka san halin kowa kamar yadda mai shayi ya san mai son sukari da yawa. Akwai wani dogo daga Sakkwato, hannunsa kamar taɓarya, in ya yi jifa ka tare sai tafinka ya kwana yana zafi. Na lura duk lokacin da zai jefa sama sai ya ɗan fito da harshe. Shekara biyu ina cin moriyar harshen nan, shi kuma yana cewa asiri nake yi masa, har wani ya tona mini, ya koma shiga fili da cingam a baki. Akwai kuma wani ɗan gajere a Kaduna, ɗan gefe, wanda ya koya mini hankali. Na fito masa na baje hannu da ƙafa na cika ko'ina, sai kawai ya ɗaga mini ƙwallon a hankali ta bisa kaina, kamar mai miƙa wa yaro lemo. Ina kallo ta sauka a raga. Da zai wuce har da cewa, "Sannu da aiki, Malam."

Da na gama makaranta wani kamfanin sabulu a Bompai ya kafa ƙungiya, ya ɗauki Koci Anayo, shi kuma ya tafi da ni. A takarda ni ma'aikacin sito ne, amma ban san inda ƙofar siton take ba. Aikina raga, albashina ƙarshen wata. A nan na haɗu da Emeka, bahago, ɗan Sabon Gari, mahaifiyarsa tana sayar da atamfa a kasuwa. Ban taɓa ganin mai jifan sama irinsa ba. Muka ƙulla wata dabara: da zarar ya ga na tare ƙwallo, ba ya waiwaye, sai ya zura da gudu, ni kuma in wurga masa ita tun daga gidana ta sauka a hannun hagunsa. Da wannan muka hau rukunin manya na ƙasa. 'Yan kasuwar Singa har rufe shago suke yi su zo kallo, suna kiran "Ƙyaure a rufe!"

Shekarar da ta ba ni wuya kuwa a atisaye ta faro, ba a wasa ba. Emeka ya taso daga tsakiya ya tashi sama, wani mai tsaron baya ya bangaje shi a iska, hannunsa ya kauce, ƙwallon ta same ni a tsakiyar fuska. Na farka a asibiti hancina a karye, idanuna sun kumbura sun rufe. Muryar da na fara ji ta Mama ce, mahaifiyar Emeka. Ta zo da kular farfesun kaza da ta sa aka yanka mata a wurin mahauta Hausawa don in ci hankali kwance, ta tasa ɗanta a gaba tana yi masa faɗa.

"Duk faɗin ragar nan ba ka gani ba sai hancin ɗan mutane?"

"Mama, ture ni aka yi."

"Rufe mini baki. Bukar, ɗana, ci. In ka warke ka rama, ni na ba ka izini."

Hanci ya warke, ko da yake ya ɗan kalli gabas har yau. Abin da bai warke ba ido ne. Na koma raga, ƙwallon ƙasa ina tarewa kamar da, amma da zarar hannu ya ɗaga ya nufi sama, sai idona ya runtse, kaina ya kauce da kansa. Ƙiftawa ɗaya ce, amma a wasanmu ƙiftawa ɗaya ta isa. Labari irin wannan ba ya kwana. Kafin a yi nisa a gasar, kowace ƙungiya ta san a jefa wa Ƙyaure kusa da kunne. Koci bai yi mini faɗa ba. Ya kira ni gefe ya ce, "Wannan ciwon na san shi. Wasu suna warkewa, wasu ba sa warkewa. Amma ba zan iya jiranka a cikin raga ba." Ya sa mataimakina, ni na koma benci.

Manajan kamfani kuma ya ce tunda ba na wasa, sai in yi aikin da sunana yake kai, in shekara ta ƙare ban dawo raga ba, a siton zan tabbata. Haka na fara bin motar sabulu zuwa Singa kowace safiya.

Wanda bai ga yadda ake sauke kaya a Singa ba bai ga jifa ba. Mutum ɗaya a saman mota, 'yan dako sun jeru har ƙofar shago, katan yana tashi daga hannu zuwa hannu bai taɓa ƙasa ba. Shugabansu wani dattijo ne, Malam Sale, siriri kamar sanda, tsohon ɗan kallonmu. Ni aikina tsayawa in ga an sauke, amma zaman banza ya ishe ni, na ce a ba ni wuri a layi. Aka sa ni a gindin mota. Katan na farko ya taho daga sama saitin fuskata, na runtse ido, ya daki ƙirjina ya faɗi ya fashe, sabulu ya watse a kwata. 'Yan dako suka kwashe da dariya.

Malam Sale ya tako ya dube ni. "Ashe da gaske ne abin da ake faɗa."

"Da gaske ne, Baba."

"To ai jiransa kake yi. Duk wanda ya tsaya jiran kaya, kaya za su zo masa a fuska. Mu tarbarsa muke yi. Yana barin hannun wancan, kai ka riga ka tafi gare shi. Kai Ɗanjuma, sake jefo masa."

Aka sake jefowa. Na matsa gaba da hannuwa kafin ya iso, na karɓe shi a hanya. Idona bai rufe ba, don bai sami lokacin rufewa ba. Ranar ni na sauke rabin motar. Na yi makonni a gindin motar nan, har Ɗanjuma ya koma jefo mini da mugunta, ta hagu, ta dama, biyu a jere, sauran suna ihu in na cafe.

Katan daban, ƙwallo daban. Ina bukatar mai jifa na gaske, don haka na nufi gidan su Emeka. Tun da abin ya faru yake gudun haɗa ido da ni. Daga benci kuma na lura da wani abu: ya daina jifan sama gaba ɗaya. Duk ƙwallonsa ƙasa, gololi sun gane, sai su zauna su jira shi. Ƙungiyarmu tana ta zamewa ƙasan tebur.

Na ce masa, "Gobe bayan sallar Asuba ka same ni a fili. Fuskata za ka riƙa jifa."

"Ka haukace? Ba zan iya ba."

"Ni ba na iya buɗe ido, kai ba ka iya ɗaga hannu. In aka kore mu, ni ina da sito. Kai atamfa za ka koma aunawa."

Mama tana jin mu daga tsakar gida. Ta ce, "Ba na son sa a shagona, bai iya lissafin yadi ba. Zai zo."

Baba ya ɗinka mana ƙwallo da ragowar ƙyallaye, mai laushi kamar matashin kai. Da ita muka fara. Emeka ya jefa saitin goshina, ni in tako gaba in tarbe ta. Kwanakin farko jifan nasa kamar na mai ba kaji tsaba, sai na yi ta tsokanarsa har ya fusata ya saki hannu. Daga ta ƙyalle muka koma ta roba, daga ta roba muka koma ta gaske. Na sha ta a kunci, na sha a goshi, leɓena ya fashe. Amma ina ganin kowace ɗaya tun daga yatsunsa har ta iso. In rana ta fito sai in wanke fuska in bi motar sabulu. Koci bai taɓa cewa ya sani ba, ko da yake mai gadin makarantar da filin yake ciki ya gaya mana yakan ga wani gajere tsaye bayan katanga.

Wasanmu na ƙarshe a shekarar a Kano aka yi, da ƙungiyar dogon nan na Sakkwato. In aka cinye mu mun faɗa ƙaramin rukuni, kuma kowa ya san kamfani ba zai riƙe ƙungiya a can ba. Kunnen doki ya ishe mu. Ina benci tun daga farko har saura ƙasa da minti ɗaya, ci ya zama daidai, sai alƙalin wasa ya ba su jifan mita bakwai, wato daga mai jifa sai gola, ba kowa a tsakani. Koci ya waiwayo ya ce, "Bukar." Ya nuna mini raga.

Na shiga, na taɓa turken hagu, na taɓa na dama. Dogon ya ɗauki ƙwallo yana tauna cingam ɗinsa yana murmushi. Daga bencinsu ina jin ana ce masa, "Kunne, kunne." Ban ji haushi ba, ai sun gaya mini inda za ta zo. Na fito taku biyu daga raga. Aka hura usur. Ya yi kamar zai jefa ƙasa, ƙugunsa bai yarda ba, na tsaya. Da wuyan hannunsa ya karye zuwa sama na riga na tafi. Ta daki kafaɗata ta goge kunnen dama, ta tashi sama ta faɗo gabana.

Ban tsaya jin ihun mutane ba. Na ɗauke ta, na hango riga mai lamba tara tana gudu ba waiwaye, na wurga. Ta sauka a hannun hagun Emeka. Ya tashi sama shi da golansu, golan ya zauna ƙasa yana jiran abin da ya saba, Emeka ya saki jifan sama irin na da. Ƙwallon ta daki ƙarfen sama da ƙara kamar an buga ƙararrawa, ta dawo har tsakiyar fili, aka hura tashi. Har gobe Emeka, wanda yanzu yake sayar da kayan lantarki a kasuwar Sabon Gari, rantsuwa yake yi cewa ragar ranar ta gaza tsawo.

Kunnen doki dai aka yi, muka tsira. 'Yan dakon Singa suka ɓarke cikin fili, Malam Sale a gaba, suka ɗaga ni sama suna miƙa ni daga hannu zuwa hannu kamar katan ɗin sabulu. Da suka sauke ni na je wurin Koci, kunnena yana jini, na tsaya. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Idon ya buɗe, na gani. Amma ƙafarka ta hagu ta makara."

Na ƙara shekaru masu yawa a raga bayan wannan, har aka kira ni sansanin ƙungiyar ƙasa, har gwiwa ta ce ta gaji na koma koyarwa. A duk tsawon lokacin Koci Anayo bai taɓa ce mini na iya ba. Yanzu ya tsufa ƙwarai, yana zama a kujerar roba a ƙofar gidansa a Sabon Gari. Kirsimetin da ya wuce na kai masa gaisuwa da ɗan buhun shinkafa. Na tarar yana hira da wani baƙo, ya ba ni baya, bai ji zuwana ba. Sai na ji yana cewa, "Gola? Ai gola ɗaya na taɓa yi. Ɗan wani tela a Fagge. Irinsa ba a sake yi ba."

Na yi gyaran murya na yi sallama. Ya juyo ya gan ni, ya gane na ji. Sai ya nuna ni da sandarsa ya ce wa baƙon, "Ga shi nan. Dubi yadda yake shigowa. Ƙafar hagun nan har yau a baya take."